Gafiya ce ta sa na sayi bindigar iska, ga yadda na zaɓa da wahalar da na sha kafin ta saitu

Ni dai ban taɓa tunanin zan ajiye bindiga a gidana ba, ko ta toka ban taɓa ɗauka ba duk da kakana na wajen uwa maharbi ne, tattabaruna ne suka kai ni. Gidanmu yana Garin Malam nan cikin Damagaram, ginin ƙasa ne irin na da wanda aka yi ma shafen sumunti ta waje, can ƙuryar tsakar gida akwai ɗakin ajiya inda muke sa buhunan gero da dusa, gefensa kuma akurkin kaji da tukwanen tattabaru da na jera bisa katanga. Bara bayan kaka da aka shigo da hatsi sai ɓarna ta fara, yau ka tashi ka ga buhu ya huje gero ya zube ƙasa, gobe ka ga ƙwai ya ɓace a ƙarƙashin kaza, amma wanda ya fi ƙona mani rai 'yan shila ne, cikin wata guda na rasa guda 7, wani ma da asuba na tarar da shi an cinye mashi ƙirji yana nan da sauran numfashi, wallahi ranar ko kunu ban iya sha ba. Akwai ƙananan ɓeraye da muke ce ma kusu, amma babbar mai laifin gafiya ce, ta haƙo rami ta ƙarƙashin katanga daga kangon da ke bayanmu.

Abin da kowa ke yi shi na fara yi, na je kasuwar Dole na sayo maganin ɓera na barbaɗa a tuwo na ajiye lungu lungu. Kwana biyu kaji 3 suka mutu, sannan magen maƙwabtanmu ta ci ɓeran da ya ci maganin ita ma ta bi, na ji kunyar mutanen nan ba kaɗan ba. Ga autarmu lokacin tana rarrafe, uwargida ta same ni ta ce Malam don girman Allah ka fitar mana da wannan abu daga gida, yarinyar nan duk abin da ta tsinta baki take kaiwa. Na kwashe na rufe a rami. Tarko kuwa ya kama kusu da dama, amma gafiya tunda guda ta faɗa sauran ko kallonsa ba su ƙara yi ba, sai su zagaye shi su wuce.

Akwai wani dattijo abokin marigayi babanmu, tsohon ma'aikacin gandun daji ne ya yi ritaya, shi na kai ma kuka wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar karabin ta iska, Diana 27 ƙirar Jamus, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi saboda shekaru a hannu, ya ce wannan ta girme ka kuma har gobe tana aiki. Na ce Baba ai ni mai ƙarfi nake so wadda in ta bugi gafiya ba za ta ƙara motsi ba. Bai ce mani komai kan wannan ba sai ya tambaye ni, ɗana tsakar gidanka mita nawa ce, kuma me ke bayan inda za ka harba? Ban san amsa ba. Ya ce je ka auno tukuna.

Na aro mita wajen wani magini na auna, daga bakin ƙofar ɗakina inda zan iya zama in ɓoye zuwa gindin katangar da ramin yake mita 14 ne, wuri mafi kusa da nake ganin kusu kuwa mita 5. Bayan katangar kango ne, amma daga dama akwai gidan mutane da yara, daga hagu akwai wani ƙaton dutse irin duwatsun nan namu na Damagaram da aka yi gini aka bar shi cikin gida. Wannan awon shi ya canza mani tunani gaba ɗaya, don ashe ni ba nesa nake nema ba, abin da nake bukata shi ne in samu wuri ɗan ƙarami a mita 14 cikin dare ba tare da dalmar, wato ƙwayar harsashinta, ta wuce ta shiga gidan wani ba.

Kafin in kashe ko dala sai da na bi ta hannun hukuma, kuma wannan ina roƙon duk mai karantawa kar ya tsallake shi. Halin tsaron da ƙasa take ciki kowa ya sani, abu mai siffar bindiga in aka gan shi a hannunka ko cikin kayanka a shingen bincike ba wanda zai tsaya jin bayanin ai ta iska ce. Na je na gabatar da kaina na faɗi abin da nake so da dalili, aka gaya mani takardun da zan kawo, na rubuta takardar neman izini na haɗa da na shaida da hotuna na kai, na jira har aka amsa mani. Wani ya ce me ya sa ba za ka sa a shigo maka da ita daga Kano cikin kaya ba ya fi araha, na ce a'a, arahar da za ta kwana da ni a kumisariya ba na so. Baba kuma ya ja mani kunne cewa kashe ɓarna cikin gidanka daban, fita daji da bindiga daban, wannan farauta ce kuma akwai dokar farauta ta 1998 da ta tsara ta da izininta na kanta.

Toh sai zaɓe. Iri uku ne na gani a hotunan da wani mai shago a Yamai ya yi ta turo mani ta WhatsApp. Akwai mai amfani da 'yar kwalbar gas ta CO2 mai giram 12, wannan tun farko Baba ya ce in manta da ita, ƙarfin gas ɗin yana bin zafin gari ne, da sanyin asuba ta harba wani wuri da rana ta harba wani wuri, mu kuma nan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ga shi in kwalaben suka ƙare sai ka jira a aiko maka daga kusan kilomita 900. Akwai wadda ake kira PCP, ita ana dura mata iska ne da famfo har wajen bar 200, wato ma'aunin matsin iska, gaskiya ita ce mafi sauƙin harbi don ba ta girgiza, amma kuɗinta da na famfonta sun fi ƙarfina, kuma cikinta robobi ne ƙanana birjik, ga ƙurar hunturu, in ta fara yoyo wa zai gyara mani a nan. Sai mai resor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura wani abu da ake kira piston ya matse iska, wadda ake karya bakinta a ɗana, a sa dalma guda a mayar a harba, ba gas ba famfo, hannunka kawai. Ita na tsaya a kai.

A nan ne na kusa yin kuskure. A jikin kwalayen ana rubuta gudu da manyan lambobi, mita 305 a sakan, wata ma 360, ni kuma ido ya rufe ina neman wadda ta fi lamba. Daga baya na gane yawancin wannan gudun da wata 'yar dalma marar nauyi suke auna shi wadda ba ita za ka yi aiki da ita ba, kuma dalma in ta kai gudun sauti, wajen mita 340 a sakan, sai ta yi ƙara kamar bulala ta kuma fara rawa a hanya ta bar saiti. Abin dubawa shi ne jul, wato ƙarfin bugun, nauyi da gudu ne suke haɗuwa su ba da shi, misali dalma mai rabin giram da ta fita da gudun mita 250 a sakan ta ba ka kusan jul 16. A Jamus wadda ake saye ba lasisi ba ta wuce jul 7.5, za ka ga an buga mata harafin F cikin zane mai kusurwa biyar, a Ingila iyakar tana wajen jul 16 kuma da ita suke kashe zomo da ɓera a gonakinsu, a Faransa 20. Na ce to in jul 16 tana kada zomo, gafiyar da ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba me za ta yi da jul 30 a mita 14? Manyan nan ga nauyi, ga taurin ɗanawa, ga harbin baya da ke watsa saiti, ga dalmar da za ta fasa dabba ta wuce.

Girman baki kuwa biyu ne aka fi samu, milimita 4.5 da 5.5. Ta 4.5 ta fi miƙewa a hanya, dalmarta ta fi araha kuma ta fi samuwa, gwangwani yawanci ƙwaya 500. Ta 5.5 nauyinta ya kusa giram guda, tana tafiya a hankali amma tana da faɗin bugu, ba ta cika ratsa dabba ta fice ba. Da kusu kaɗai ke damuna da 4.5 zan ɗauka, amma saboda gafiya da gidan maƙwabta sai na ɗauki 5.5, ƙirar Turkiyya mai matsakaicin ƙarfi, na haɗa da gwangwanayen dalma iri 3 daban daban bisa shawarar Baba ko da yake lokacin ban gane amfanin hakan ba. Ni da kaina na je na ɗauko ta da takarduna a aljihu.

Ranar farko na yi ɓarna. Na taɓa ganin Baba yana ɗiga ma tasa mai ta 'yar ƙofar da iska ke fitowa, sai ni ma na ɗauko man keken ɗinkin uwargida na ɗiga ma tawa da yawa don in kyautata mata. Harbin farko ta yi wata irin ƙara kamar bindigar gaske, hayaƙi ya fito baki da wari kamar na mota mai gazuwal, kaji suka watse, maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambayar lafiya. Na ruga wajen Baba, ya ce ɗana tawa fatar piston ɗinta ta jima ce irin ta da, ita ce ke shan mai, taka roba ce ba ta bukata, kuma iskar da piston ke matsewa tana yin zafin da ke kunna mai, kamar dai injin gazuwal, in ka ci gaba za ka ƙone robar ka karya resor. Ya sa na yi ta harba dalma cikin buhun yashi har hayaƙin ya daina. Nan ya ƙara mani biyu da ban manta ba, kar ka taɓa harba ta ba dalma ciki don piston zai je ya doki ƙarfe ba iskar da za ta tare shi, kuma duk lokacin da ka karya ta kana sa dalma hannunka guda ya kasance riƙe da bakin gam, don in ta kuɓuce ta koma da ƙarfi yatsa take cirewa kuma bakin ya lanƙwashe.

Daga nan muka shiga aikin gaske. Mun fara wanke cikin bakin, sabuwar bindiga tana zuwa da maiƙon masana'anta, muka ɗaura 'yan tsummoki masu tsabta a zaren kamun kifi muka yi ta jawowa daga baya zuwa gaba har suka daina fitowa baƙi, ba a sa mata waya ko buroshin ƙarfe. Na yanka kwali na zana ɗigo da biro na kafa a mita 14 na fara harbi biyar biyar, wallahi abin tausayi, ɗaya sama ɗaya ƙasa ɗaya can gefe, tafin hannuna ma ba ya rufe su. Na fara cewa an cuce ni an sayar mani da lalatacciya. Baba ya karɓa ya sa turnabis a bis, wato ƙusoshi masu zare, guda biyun da ke riƙe ƙota ta gaba, sai ga su suna juyawa sakwaf, na wajen kunama ma haka, girgizar resor ce ke kwance su. Ya ɗaure su daidai ba har ya matse katako ba, nan take taron ya ragu kusan rabi. Yanzu lokaci lokaci sai na taɓa su, kuma na ɗiga masu ɗan jan farce a zarensu don su daina warwarewa.

Sai riƙo, wanda shi ne ya fi ba ni wuya don ya saɓa ma hankali. Ni ina damƙe ta da ƙarfi ina danna ta a kafaɗa don kar ta motsa, ashe shi ne ciwon. Bindigar resor tana fara motsi tun dalma ba ta bar baki ba, ta ja baya sannan ta zabura gaba in piston ya kai ƙarshe, ba ka iya hana ta, abin da za ka iya shi ne ka bar ta ta yi motsinta iri ɗaya kullum. Sai ka shimfiɗa tafin hannu ka ɗora ta a kai kamar ka ɗauko faranti, wuri guda kullum, ni har alama na yi da farin skoc a ƙotar, kafaɗa ta taɓa kawai, kunci ya kwanta a hankali, ka ja kunama sannu sannu, kuma bayan ta tashi kar ka ɗaga kai, ka ci gaba da kallon ɗigon kamar na sakan biyu. In ka ɗora ta kai tsaye kan bulo ko bakin taga sai ta yi tsalle ta watsar, dole hannu ko matashi ya shiga tsakani. Na fi kwana 10 kullum bayan la'asar ina wannan kafin jikina ya karɓa.

Lokacin ne na gane dalilin gwangwani uku. Bindiga guda, hannu guda, nisa guda, amma kowace dalma da inda take zuwa. Mai tsinin kai wadda na ɗauka ita ce sarauniya saboda kamar kibiya take, ita ta fi kowace watsewa. Mai faffaɗan kai tana huda kwali tsaf kamar an sa abin huda takarda, kuma a kusa tana da kyau. Amma wadda bakin tawa ya so ita ce mai kai kamar ƙoƙo, ta JSB ƙirar ƙasar Cek, biyar suka taru wuri guda har ramukan na haɗewa. Ba ina cewa kowa ya saye ta ba, ta Baba wata daban take so, kowane baki da abincinsa sai ka gwada. Kuma ka riƙa duba gindin dalmar, wannan siket ɗin mai laushi, in ya lotse a gwangwani ajiye ta gefe don ba inda za ta je daidai. Ma'aunin da Baba ya kafa mani shi ne tsabar dala goma, ya ce ranar da ka harba biyar wannan kuɗin ya rufe su duka, sau uku a jere, ranar na ba ka izinin ka nuna ta ga mai rai, don kan gafiya inda ake so a samu bai fi haka faɗi ba.

Sauran gyaran ƙanana ne. Akwai wata 'yar roba zagaye a inda baki ke haɗuwa da jiki, mun gwada ta da ɗora 'yar takarda marar nauyi a kan mahaɗin muka harba, da ta tashi sama da an san iska na zurarewa, tawa lafiya lau. Kunama ta zo da tauri, akwai ɗan bis na sassauta ta, muka juya kaɗan kaɗan muna gwadawa, bayan nan ya ɗana ta ya nuna bakin cikin yashi ya bubbuga gindin da tafin hannu don ya tabbata ba za ta tashi da kanta ba. Ƙarar resor da take yi kamar an tsinke tsirkiyar gurmi kuwa shi ya buɗe ta da wani abin matsewa da ya haɗa da katako da doguwar ƙusa mai zare, ya goge tsohon maiƙo ya shafa wani baƙin giris da ake ce ma moli siriri a jikin resor da bayan piston, bai bari ko kaɗan ya je gaban robar ba. Wannan kam kar wanda ya gwada shi da hannu kawai, resor ɗin a matse yake ko ba a ɗana ba, in ya fito fuska yake nema. Bayan harbi kamar 500 ita da kanta ta yi laushi ta natsu.

Linet, wato madubin hangen da ake ɗorawa sama, shi ma ya ci mani kuɗi sau biyu. Da saitin ƙarfe na fara kuma da rana ya isa, amma da dare ba ka ganin tsinin gaba. Na sayi wani mai araha, harbi bai kai 200 ba zaren saitin da ke cikinsa ya karkace, ashe wannan zaburar gaba da bindigar resor ke yi tana kashe linet ɗin da ba don ita aka yi shi ba, ko da kuwa na babbar bindiga ne. Na biyun na tabbata an rubuta na bindigar resor ne, 4x32, wato mai ƙara girman abu sau huɗu, mai zoben gaba da ake juyawa hoto ya fito tar a mita 10, don da yawansu an yi su ne don nesa, a tsakar gida sai ka ga dishi dishi. Ƙafarsa kuma mai ɗan ƙusa ce da ke shiga rami a bayan bindiga, in babu shi linet ɗin yana ja baya kaɗan kaɗan kana ta mamakin ina saiti ya tafi. Wajen juya maɓallan na ɓata dalma da yawa, ina yin ƙas ƙas uku in harba in ga ba abin da ya canza, ashe lissafin da ke jiki na yadi 100 ne, a mita 14 kowane ƙas kusan milimita 1 kawai yake matsarwa, in ka kauce da santimita 3 sai ka juya wajen 30. Sannan da na saita a 14 na dawo mita 5 sai na ga tana bugun ƙasa da kusan santimita 2, saboda linet yana sama da baki da kamar santimita 4 kuma dalmar ba ta gama hawa ba, na rubuta wannan a takarda na manna a ƙota.

Abin da zai tare dalma shi na fi ba muhimmanci, don ina da 'ya'ya kuma maƙwabta na da su. Dalma in ta sami dutse ko sumunti ko tol, wato kwanon rufi, dawowa take ko ta yi gefe tana fito, na ji wannan ƙarar sau ɗaya a jikin dutsen nan na hagu ban ƙara kusantar wajen ba. Na cika buhuna 4 da yashi na jera a gindin katangar ƙasa, na kafa ɗan katako a gabansu, nan kaɗai nake harbi, daga zaune kuma bakin yana kallon ƙasa kaɗan, ba na harbin abin da ke bisa katanga ko kan itace ko me ya ɗauka. Na shiga gidan maƙwabcina na yi mashi bayani na nuna mashi wurin da idonsa, ya ce Malam Allah ya taimaka mu ma ta ishe mu. Dalmar kanta guba ce, kowa ya ji abin da ya faru a Zamfara a 2010 inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, don haka ba na sa ta a baki kamar yadda na ga wasu na yi, ina wanke hannu da sabulu, ina tankaɗe yashin in tsince ta don kaji kar su haɗiye. Bindigar na cikin akwati da kwaɗo, dalma na wani wuri daban, makullin yana jikina.

Sati na huɗu kuɗin ya rufe biyar sau uku, na kai ma Baba kwalayen ya duba ya ce toh bismillah. Amma ya ce kar ka yi harbi daren farko, ciyar da su tukuna. Na daka ƙuliƙuli na kwaɓa da man gyaɗa na shafa a jikin katakon, shafawa ba ajiyewa ba, don gafiya tana da jaka a kumatu in ta samu abin ɗauka cikawa take ta gudu, amma in lasa ne dole ta tsaya. Na rataye 'yar tocila da na rufe ma fuska da jar leda tana haska wurin, jan haske bai cika damunsu ba. Dare uku ina zaune bakin ƙofa bayan isha'i ina kallo kawai har suka saba. Dare na huɗu wajen ƙarfe 11 ta fito, ƙatuwa mai farin rabin wutsiya, ta tsaya ta shinshina ta koma ta sake fitowa, zuciyata na bugawa har ina jin ta a kunne, na jira sai da ta ba ni gefe ta sunkuya tana lasa, na sa zaren tsakanin ido da kunne na ja a hankali. Ta faɗi nan take, ƙafafu suka ɗan yi shure shure ta yi shiru. Na ɗauke ta da shebur ban taɓa da hannu ba, ɓeraye na ɗauke da cuta, zazzaɓin Lassa ma ta wajen wani irinsu ake kamuwa, na rufe ta a rami mai zurfi a kango.

Akwai dare guda da har yanzu ba na son tunawa. Na ga ɓera yana tafiya a gindin buhunan bai tsaya ba, na yi gaggawa na harba, ta same shi a baya, ya ja jiki yana kuka ya shige rami, na ji kukan nan har cikin barcina. Addini ya halatta mana kashe ɓera saboda ɓarnarsa, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in za mu kashe mu kyautata kisan, kuma ya hana a mayar da mai rai abin koyon harbi. Washegari na duba sai ga bis ɗin gaba guda ya saki, amma laifin nawa ne don ko yana ɗaure bai kamata in harbi abu yana tafiya ba. Na koma kan kwali sati guda cur. Tun daga ranar kafin in zauna dako sai na gwada uku a kwali da yamma, kuma in dabba ba ta tsaya ta ba ni kai ba ina ƙyale ta ta tafi, gobe ma dare ne.

Yarana maza sun so in harbo masu ƙadangare da tsuntsaye na ce sam. Ƙadangare ƙwari yake ci, jaba duk warinta kyankyasai take farauta ba hatsi ba, mujiyar da mutane ke tsoro ta fi ni kashe ɓera a dare guda, shirwa kuma in ta dame ka da 'yan tsaki raga za ka sa masu. Babban cikinsu nakan zaunar da shi ya harbi kwali ina riƙe da shi, ya san ba a nuna bakinta ga mutum ko da wasa ko da ba komai ciki.

Cikin wata biyu na kashe gafiya 6 da ɓeraye da ban ƙirga ba, amma Baba ya ce in ka bar masu abinci da ƙofa wasu za su zo gadon ramin, don haka na cike ramukan da fasassun kwalba da sumunti, na juye gero da dusa cikin tano na ƙarfe mai marfi, abincin kaji kuma ana kwashewa kafin magariba. Mai kangon ma na neme shi ya sa aka share. Yanzu sai in yi sati uku ban fito da ita ba, in na ga sabuwar ƙasa a gindin katanga ko kashinsu a ɗakin ajiya sannan in shafa ƙuliƙuli. Da damina na lura saitin ya ɗan sauka, ina jin katakon ƙotar ne ya sha danshi, na gyara da ƙas 8, ga hunturu na tafe zan sake dubawa in kuma ɗinka mata jaka saboda ƙura. Gwangwanin dalma saura kamar kwata, na riga na aika a ajiye mani guda 2 irin wadda take so. Tukwanen tattabaru kuwa jiya na leƙa, 'yan shila 4 ne ciki, biyu sun fara fitar da gashin fiffike.